Amsa ga Hajiya mai atamfa a Unguwar Rimi: ta ina ake jin abin da ake faɗa kan kayanki a intanet?

Wata 'yar kasuwa da ke zaune a Unguwar Rimi, cikin garin Kaduna, ta aiko da wannan tambaya: “Shekara huɗu ke nan ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta ta WhatsApp da Instagram. A watan da ya wuce ciniki ya ja baya, sai daga baya wata ƙawata ta turo mini hoton wani rubutu da aka yi a zauren WhatsApp na matan wata unguwa, inda wata ta ce atamfar da ta saya a wurina ta zuba a wankin farko. Sai da maganar ta yi kwana 12 tana yawo kafin ta iso kunnena. Yanzu wani matashi ya ce in riƙa biyan kuɗin wata manhaja duk wata, da dala, wadda za ta riƙa sanar da ni duk inda aka ambaci sunana, kuma zai ƙara mini mabiya 10,000. Shin in biya? Kuma wane salon talla ya kamata in kama, tunda kullum sai an ce wani sabo ya fito?”

Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri, ya kuma sanya albarka a cikin nemanki. Na shafe shekaru ina taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa a Kaduna da Zariya wajen tsara tallarsu a intanet, kuma na ji daɗin da kika yi tambaya kafin ki fitar da kuɗi, domin galibi sai bayan an biya ake zuwa neman shawara. Amsata a taƙaice ita ce kada ki biya kuɗin wannan manhaja, kuma kada ki yarda a saya miki mabiyi ko guda. Sai dai damuwar da ta sa kika fara tunanin biya tana kan hanya, domin kwana 12 sun yi yawa ga maganar da ta taɓa amanar ɗan kasuwa, kuma akwai yadda za a rage su zuwa kwana ɗaya ko biyu.

Ki lura da wurin da aka yi wancan rubutu. Tun shekarar 2016 WhatsApp ya kulle saƙonnin masu amfani da shi da wani irin makulli wanda ba ya buɗuwa sai a wayar mai aikawa da wayoyin waɗanda aka aika wa, ta yadda shi kansa kamfanin ba ya iya karanta su. Saboda haka ko da a ce kina biyan manhajar da ta fi kowace tsada a ranar da matar ta yi ƙorafinta, da ba za ta jiyo miki komai ba. Duk wanda ya ce yana da manhajar da ke leƙa zauren da ba ya ciki, ko dai bai fahimci abin da yake sayarwa ba, ko kuma yana nufin yin kutse a wayoyin mutane, wanda laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015.

Manhajojin bibiya na gaskiya suna nan, irin su Brandwatch da Meltwater da Hootsuite da Sprout Social, kuma suna da amfani ga waɗanda aka ƙera su dominsu. Ana ba su kalmomi ne, kamar sunan kamfani da sunayen kayansa da na abokan hamayyarsa, sai su riƙa tattaro duk rubutun da ke fili wanda ya ƙunshi waɗannan kalmomi, daga X (wato tsohon Twitter) da YouTube da jaridun intanet da shafukan da kowa ke iya gani, su ƙirga shi, su kuma yi ƙoƙarin raba shi gida uku, wato yabo da suka da tsaka-tsaki. Banki ko kamfanin sadarwa da dubban mutane ke ambata kullum ba shi da makawa sai da irin wannan, tunda babu ma'aikacin da zai iya karance duka. To amma manhajojin ba sa ganin komai sai ta ƙofar da masu dandali suka buɗe musu, kuma ƙofar sai ƙara tsukewa take yi. Bayan badaƙalar Cambridge Analytica a 2018, inda aka gano an kwashi bayanan miliyoyin masu amfani da Facebook ba da izininsu ba, Facebook ya taƙaita bayanan da manhajojin waje ke iya ɗiba. A 2023 Twitter, wanda ya koma X a cikin shekarar, ya daina bayar da bayanansa kyauta, sannan a watan Agusta na 2024 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, ya rufe manhajar CrowdTangle, wadda 'yan jarida da masu bincike suka daɗe suna dogaro da ita wajen ganin abin da ke yaɗuwa a Facebook da Instagram. Ke kuwa kwastomominki suna hirarsu ne a zaurukan ƙawaye da na 'yan anko da na iyayen yara 'yan makaranta ɗaya, da rufaffun zaurukan mata na Facebook, da akwatin saƙon Instagram, kuma duk waɗannan a bayan ƙofa suke.

Ko a inda manhajar ke iya gani ma akwai matsalar harshe, kuma a nan nake so in ɗan tsaya, domin ba a cika gaya wa 'yan kasuwarmu wannan ba. Mace za ta ga hoton leshi ta rubuta “ba dama”, ko “ba a magana”, ko “ya yi mugun kyau”. Duk mai jin Hausa ya san wannan ƙarshen yabo ke nan, amma na'urar da ke bin kalma ɗaya bayan ɗaya tana ganin “ba” da “mugu” sai ta jefa shi cikin suka. A ɗaya gefen, “Allah ya isa” ita ce magana mafi nauyi da kwastoma za ta iya furtawa a kanki, ga shi kuma babu kalmar zagi ko ɗaya a cikinta. “Allah ya kyauta” da “sannu da ƙoƙari” suna iya zama addu'a da gaisuwa, suna kuma iya zama habaici, sai wanda ya san abin da ya gudana kafin su ne zai iya bambancewa. Ga rubutun waya kuma, inda kusan kowa ke barin haruffa masu lanƙwasa, “ƙarya” ta koma “karya”, “gaskiya” ta koma “gsk”, “na gode” ta koma “ngd”, wata ta rubuta “atamfa” wata ta rubuta “atampa”, a kuma cakuɗa da Turanci a jimla guda. Sunan kasuwancinki kansa za ki tarar ana rubuta shi ta hanya huɗu ko biyar. An fara aikin gyara wannan giɓi, domin a 2022 wasu masu bincike, ciki har da na Jami'ar Bayero ta Kano, sun fitar da NaijaSenti, tarin rubuce-rubucen Twitter na Hausa da Ibo da Yarabanci da Turancin buroka waɗanda mutane suka tantance da hannu domin koya wa na'ura gane yabo da suka, a 2023 kuma AfriSenti ya faɗaɗa aikin zuwa harsunan Afirka 14. Wannan abin farin ciki ne, amma aiki ne kan rubutu, alhali yawancin matan da ke sayen kayanki saƙon murya suka fi turawa. Ƙorafin da aka yi da murya cikin minti biyu, aka tura shi zaure uku, babu kalmar da za a laluba a same shi.

Abin da ya rage, kuma shi ne ya fi aiki a gari irin Kaduna, shi ne kunnen mutum. Ki zaɓi kwastomomi biyar ko shida da kuka daɗe tare, waɗanda ke unguwanni daban-daban, a ce ɗaya a Kawo, ɗaya a Malali, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a Rigasa, ɗaya a Barnawa. Ki gaya wa kowace a fili cewa idan ta ji an ambaci kayanki, da alheri ko akasinsa, kina roƙon ta sanar da ke a ranar, kuma ba za ki taɓa ambatar sunanta ba. Ba leƙen asiri kike sa su ba, kuma kada ki nemi su kwaso miki hirar mutane da ba ta shafe ki ba. Ƙawar nan da ta turo miki hoton ta riga ta yi miki wannan aiki, abin da ya hana shi saurin zuwa shi ne ba ta san kina son jin mummunan labari ba. Mutanenmu suna da kara, suna ganin kawo irin wannan magana kamar kawo tsegumi ne, sai an cire musu wannan nauyi sannan suke faɗa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ki riga zaure jin ƙorafin. A abin da na gani, akasarin masu kai ƙara bainar jama'a sun ji ne cewa mai kayan ba za ta saurare su ba, ko kuma sun yi magana an yi shiru. Ki mayar da shi ƙa'ida cewa bayan kwana uku da kai kaya za ki tura gajeren saƙo ki tambayi ko kayan ya iso lafiya kuma ya yi daidai da abin da aka gani a hoto. Ga atamfa, ki sake tambaya bayan sati uku ko wata guda, lokacin da aka ɗinka aka kuma yi wankin farko. Da an yi wa waccan matar wannan tambaya, da a wayarki za ta sauke fushinta.

Sai kuma abin da ke fili, wanda minti 15 a rana ya ishe ki. Ki rubuta sunan kasuwancinki a wurin bincike na Facebook da Instagram da TikTok, da duk irin rubutun da kika san ana yi masa. Ki bincika lambar wayarki da lambar asusunki na banki ma, domin mai gargaɗin mutane kan wani ɗan kasuwa yakan sa lamba ko da bai sa suna ba. Ta wannan hanyar ce kuma za ki gano idan wani ya kwashi hotunanki ya buɗe shafi mai kama da naki yana karɓar kuɗin mutane, abin da ya fi ƙorafin wanki haɗari nesa ba kusa ba. Meta Business Suite kyauta ce, tana haɗa miki saƙonni da tsokacin Facebook da Instagram wuri guda. Rumbun tallace-tallacen Meta, wato Ad Library, yana buɗe ga kowa, kuma idan kika sa sunan shafin wata mai sayar da irin kayanki za ki ga tallar da take biya a halin yanzu da ranar da ta fara ta. Tallar da ta daɗe tana gudana alama ce mai kyau cewa tana kawo wa mai ita ciniki. Google Alerts kuwa, wanda ke aiko da sanarwa ta imel idan an ambaci kalmar da aka ba shi, shafukan yanar gizo da jaridu yake bi, don haka ki saita shi ki bar shi, amma kada ki sa rai da yawa a kansa.

Duk wannan ba zai zama ilimi ba sai an rubuta shi. Ki sami littafi, ko da na 'yan makaranta ne, duk wadda ta yi miki magana ki rubuta ranar, da inda ta ji labarinki, da abin da ta tambaya, da ko ta saya, idan kuma ba ta saya ba a wace gaɓa ta tsaya. Na taɓa zama da wata mai sayar da zannuwan gado a Kawo muna duba irin wannan littafi bayan ta yi wata guda tana cika shi. Ta zo da tabbacin cewa tsada ce ke korar mutane, har tana shirin rage farashi. Da muka bi layi-layi da biro, sai muka ga wuri biyu hirar ke mutuwa. Na farko, ba ta sa farashi a kan hoto, sai ta rubuta a biyo ta akwatin saƙo, kuma wadda ta tambaya da hantsi ba ta samun amsa sai bayan Isha'i, lokacin da ta riga ta saya a wani wuri. Na biyu, matan Zariya da Kano suna tambayar kuɗin kai kaya, ita kuma takan ce sai ta tambayi direba a tasha. Ba ta rage ko kwabo ba. Ta rubuta farashi a kan kowane hoto, ta je tashar Kawo ta daidaita da direbobi, ta ajiye amsar a shirye cikin WhatsApp Business, manhajar da aka fitar tun Janairun 2018 wadda ke da kundin kaya da amsoshin gaggawa da alamomin rarrabe kwastomomi, duk kyauta. Wannan shi ne ainihin abin da manyan kamfanoni ke biyan dala domin su sani.

Game da ƙorafin da ke gabanki, ki fara da gaskiyar lamarin. Idan akwai sauran turmi daga wannan dila, ki yanki ƙyalle ki wanke da kanki. Idan ya zuba, matar ta faɗi gaskiya, kuma akwai wasu da suka saya suka yi shiru. Ki kira ta da murya, ki saurare ta har ta gama, ki ba ta zaɓi tsakanin canji da mayar da kuɗi, ki kuma yi la'akari da kuɗin ɗinkin da ta yi asara. Bayan an daidaita, ki roƙe ta, ba tare da gindaya shi a matsayin sharaɗi ba, ta koma zauren ta faɗi yadda aka ƙare. Ki nemi sauran da suka sayi irin wannan zanen kafin su neme ki, sannan ki koma wa wanda ya kawo miki kayan. Abin da nake gargaɗinki a kai da babbar murya shi ne tura 'yan'uwa su yi mata ca, ko yi mata barazana da 'yan sanda. A 2023 an kama wata mata a ƙasar nan bayan ta rubuta ra'ayinta a Facebook kan wani tumatirin gwangwani, kuma abin da ya biyo baya shi ne kiraye-kirayen ƙaurace wa kayan kamfanin da labarin da ya kai har kafafen yaɗa labarai na ƙasashen waje. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ke da aibi.

Batun sayen mabiya ba ya buƙatar dogon bayani, taron tsintsiya ne ba shara. Asusun bogi ba ya sayen atamfa, kuma yana cutarwa, domin tsarin da ke zaɓar wa mutane abin da za su gani yana duba yadda waɗanda aka fara nuna wa wallafa suka karɓe ta. Idan mabiyanki gumaka ne da ba sa kallo ba sa tsokaci, sai tsarin ya ɗauka kayanki ba su da armashi, ya rage nuna su ga mutanen gaske. Ya kuma saɓa wa ƙa'idojin Instagram. Haka nan wani lokacin akan nemi kalmar sirrinki kafin a yi, wanda ta nan ake rasa shafi gaba ɗaya.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Gaskiya ne kiɗa ya canza, kuma canjin da ya fi girma shi ne gajeren bidiyo. TikTok ne ya buɗe wannan hanya, Instagram ya biyo da Reels a 2020, YouTube ma ya fito da Shorts. Bambancinsu da tsohon tsari shi ne suna nuna bidiyo ga mutanen da ba sa bin mai shi, gwargwadon yadda masu kallo suka tsaya a kai, don haka mai mabiya 300 tana iya kaiwa ga dubbai. Ga mai atamfa wannan alheri ne, domin gani ya kori ji. Ki warware turmi a hasken rana, ki kusanto da waya a ga saƙar, ki murza shi a ji ƙararsa, ki faɗi farashi da bakinki cikin daƙiƙun farko. Ba dole ne fuskarki ta fito ba, hannu da murya sun wadatar, kuma mata da yawa a garin nan haka suke yi suna ciniki. A halin da kike ciki, babu tallar da ta kai bidiyon da kike tsoma ƙyalle a ruwan sabulu kina ɗagowa a ga ruwan. Ki sa ya zama gajere mara nauyi, domin tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, mutane suna lissafin abin da suke buɗewa. Ki guji tace hoto har launi ya canza. Hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu ya zo ne kan mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, kuma hoton da ya fi kayan kyau ɗan'uwan wannan ne.

Canji na biyu shi ne ciniki ya koma cikin hira. A wurinmu TikTok da Instagram wurin gani ne, amma a WhatsApp ake tayawa a sallama, a tura kuɗi, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya koya wa kowa taransifa. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, kuma ba mai ganinsa sai wanda kuka ajiye lambar juna, saboda haka roƙon “ki ajiye lambata” ya fi roƙon “ki bi shafina” daraja. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda yana ɗaukar lamba 256, shi ma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki. Kada ki saki kaya don an turo miki hoton rasit ko saƙon alat, sai kin buɗe manhajar bankinki kin ga kuɗin da idonki.

Sai masu ɗimbin mabiya da ake biya su tallata kaya, da kuma tallar da ake biyan Meta kai tsaye. Dukansu ma'auninsu ɗaya ne, kuma littafin nan naki ne zai ba ki shi. Ga misali na lissafi, da alƙaluman da na ɗauka don bayani kawai. A ce kin biya Meta naira 20,000 kan tallar da ke kai mutum kai tsaye cikin WhatsApp ɗinki, kin zaɓi mata mazauna Kaduna da kewaye. Da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda Meta ya fara karɓa kan tallace-tallace a Najeriya tun Janairun 2022, kuɗin ya zama 21,500. Mutum 80 suka yi magana, 8 suka saya, ribar kowane turmi 4,000, jimla 32,000. Kin tsira da 10,500, da lambobi 80 da za ki iya komawa gare su. A ce kuma kin ba wata mai mabiya rabin miliyan naira 50,000, aka kalli bidiyon sosai, mabiyanki suka ƙaru, amma mutum 5 suka saya. Ribar 20,000 ce, kin yi asarar 30,000, duk da cewa a ido wannan tallar ta fi waccan amo. Ba ina cewa kullum haka sakamakon yake fitowa ba, wani lokacin akasin haka ne, amma ba za ki sani ba sai kin tambayi kowace mai saye daga ina ta ji labarinki. Kafin ki biya kowa, ki nemi ya nuna miki daga wayarsa garuruwan da mabiyansa suke da kuma kason mata a cikinsu. A ganina mai kwalliyar amare ko tela da ke da mabiya 5,000 'yan Kaduna, waɗanda ke jin maganarta, ta fi miki amfani a kan shahararren da mabiyansa suka watsu daga Legas har Yamai, kuma yawancinsu samari ne masu neman nishaɗi.

Ƙirƙirarriyar basira, irin ChatGPT da ya fito a Nuwamban 2022, tana iya taimaka miki wajen tsara bayanin kaya da Turanci domin kwastomomin Barnawa da Sabon Tasha da suka fi rubutowa da shi, ko wajen taƙaita abin da ke littafinki. Ki riƙa karanta Hausarta kafin ki wallafa, kada kuma ki ɗora hoton da ta ƙirƙira a matsayin kayan da ke shagonki.

Akwai doka a wannan fage, kuma gara ki san da ita tun yanzu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta shafi lambobin waya da adireshin kwastomominki. Jefa mutane cikin zaure ba da izininsu ba, ko wallafa hoton hirarku da kwastoma da sunanta da lambarta a matsayin shaidar yabo, abu ne da ya kamata ki daina sai da yardarta, kuma ki rufe lambar. Dokar 2022 da ta kafa ARCON a madadin APCON ta ba hukumar ikon tantance tallace-tallace, kuma hukumar ta sha nanata cewa ikon ya haɗa da na kafafen sada zumunta. Idan wata rana kika ƙara da man shafawa ko wani haɗi da ake cewa yana magani, wannan hurumin NAFDAC ne, rajistarsa da tallarsa duka.

Abu na ƙarshe da nake so ki yi a wannan makon ya samo asali ne daga abin da muka gani da idonmu a 2021. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, bai dawo ba sai Janairun 2022. A ƙarshen Satumba aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, har zuwa Nuwamba. Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Shafinki gidan haya ne, mai gida yana iya canza ƙa'ida ko ya rufe ƙofa, ɓarawo ma yana iya shiga. Ki kwafe sunaye da lambobin kwastomominki da unguwanninsu da irin abin da kowace ke saye a wani wuri da ba cikin manhajar ba, a takarda da kuma imel. Ki kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp da Instagram, kada kuma ki karanta wa kowa lambobi shida da ke shigowa wayarki, ko da ya ce daga zauren 'yan kasuwa yake ko taron addu'a za a yi.

Wannan jerin sunaye shi za ki buɗe idan Allah ya kai mu Rajab da Sha'aban, lokacin da bukukuwa ke yawaita kafin azumi kuma ake neman anko. Kayan Sallah kuwa a fara nuna su tun kafin a ga wata, domin teloli sukan rufe karɓar ɗinki tun azumi bai yi nisa ba, kuma wadda ta jira goman ƙarshe ta bar masu atamfa ta koma wurin masu takalma da mayafi. Kaduna gari ne na ma'aikata, saboda haka ki ajiye kuɗin tallar da za ki biya zuwa kwanakin da albashi ke shiga, ki kuma tanadi wani abu na Disamba domin kwastomominki masu bikin Kirsimeti. Ki sa matar da atamfarta ta zuba a sahun farko na waɗanda za ki tura wa sababbin zane, tare da bidiyon gwajin wankinsu.